Tufka da Warwara: Amsoshin Masu Saƙar Kati

Assalamu alaikum. Tun da na yi bayanin saƙar kati a fitowar da ta gabata saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duka kuka ɗaya ne: zare ya cukurkuɗe, ado ya karkace, an rasa bakin zaren. Ga wadda ba ta ga wancan bayani ba, saƙa ce da ake yi ba tare da masaƙa ba. Katuna ne masu kusurwa huɗu, kowanne da huda huɗu, a zura zare ɗaya a kowace huda, a jera su fuska da fuska, a ɗaure bakin zaren ɗaya a ƙugu, ɗayan a ƙarfen taga. Duk juyin da aka yi wa katunan, zarurruka huɗun kowane kati sai su murɗe juna kamar ana tufka igiya, sannan a ratsa zaren kwance ya haɗe igiyoyin. Abin da ke fitowa ɗamara ce siririya mai ƙarfin gaske, ta igiyar jaka, ko maratayin gafaka, ko hamila, ko bakin riga. To, bismillah.

TAMBAYA: Anti, na yi kamar kamu ɗaya lafiya lau, sai zaren da ke bayan katunan ya murɗe tamau, har katunan suka ƙi juyawa. Me na yi ba daidai ba? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

AMSA: 'Yata, ba ki yi laifin komai ba. Ki ɗauki zare biyu ki ba ƙanwarki ta riƙe baki ɗaya, ki ɗaure ɗayan a ƙofa, ki sa yatsa a tsakiya ki juya. Za ki ga murɗi ya fito a gabanki, wani kuma ya fito a baya, yawansu ɗaya, sai dai sun saɓa hanya. Haka katin yake yi. Murɗin gaba shi ne saƙar da kike so, zaren kwance ya kulle shi. Na baya kuwa bashi ne da kike ci a kowane juyi, kuma bashi hanji ne, yana cikin duk mai wannan saƙa. Abin tambaya kawai shi ne yadda za ki biya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki riƙa komawa baya. Juyi 4 gaba, juyi 4 baya, ko 8 da 8, ko duk yadda adon ya ba ki dama. Juyin baya yana warware abin da na gaba ya tara, shi ya sa yawancin adon masu koyo a haka aka tsara shi. Amma ki sani, duk inda kika juya baya adon ma zai juya, ya zama kamar an kafa masa madubi. Idan kibiyoyi kike so su yi ta tafiya gefe ɗaya har ƙarshen ɗamarar, wannan hanya ba taki ba ce.

A nan sai ki kwance bakin can na nesa ki sauke murɗin da hannu. Kafin ki taɓa ƙullin, ki zura tsinke ko igiya ta cikin huda ɗaya ta dukan katunan ki ɗaure su, don kada su watse. Daga nan ki bi kati ɗaya bayan ɗaya, ki sa yatsu tsakanin zarurrukansa huɗu, ki tura murɗin a hankali har ya fice ta baki. Kada ki kama duka lokaci guda ki ce za ki taje su da mataji kamar gashi, wallahi sai kin yi kuka. Idan kin gama ki daidaita tsaurinsu ki sake ɗaurewa. Ni ina yin haka tun murɗin bai kai ga katunan ba, da zarar na ga sun fara nauyin juyawa.

Wadda za ta yi doguwar saƙa kuwa, ta raba kanta da wahalar tun daga wadari. Akwai ɗan ƙarfen nan mai juyawa da masu kamun kifi da fatsa ke sa wa igiyarsu don kada ta murɗe. A ɗaure zarurruka huɗun kowane kati a jikin guda ɗaya, sai ya zama da kin tura murɗin da yatsa ya juye ya fita, ba sai kin kwance komai ba. Idan ba ki samu ba, ki ratayo zaren ta kan bayan kujera, ki ɗaure wa na kowane kati 'yar ƙaramar roba da kika zuba wa yashi, nauyinsu ɗaya. Robar za ta riƙa juyawa da kanta. Ranar da na fara gwada wannan sai na tuna kunkurun mahaifina, Allah ya jiƙansa, dutsen nan da masaƙa ke ɗorawa ya riƙe zaren tsaye yana tahowa sannu a hankali. Dabara ɗaya ce, nauyi ya yi maka aikin riƙo.

Saura katunan gefe. Su dai a so samu su yi ta tafiya gaba kawai, don bakin ɗamarar ya fito sumul, saboda haka su ne suka fi cin bashi. Tunda galibi launi ɗaya ne a hudojinsu huɗu, ki kifa su kawai: ki juya katin a tsaye kamar ana buɗe ƙyaure, fuskar dama ta koma hagu. Ki ci gaba da juya shi gaba, za ki ga yana warware na baya da kansa. Kada ki yi wa katin da ke ɗauke da ado haka in ba ki san abin da kike yi ba, don jerin launukansa ma zai sauya.

TAMBAYA: Hajiya, na tashi sauke tukunya, kafin in dawo ɗan autana ya ja saƙar, katuna 20 duk sun zube sun shiga juna. In yanke in sake sabon wadari? Daga wata uwargida a Maraɗi.

AMSA: Ajiye almakashin nan, ƙanwata. Allah ya shirya auta. Matuƙar zare bai fita daga hudarsa ba, babu abin da ya ɓata, wurin zama kawai suka sauya. Abin da ya fi kashe aiki a irin wannan lokaci shi ne fizga da zafin rai, don fizgar ce ke mayar da 'yar sarƙewa ta zama ƙulli.

Fara da ɗaure bakin biyu, ki ja zaren ya miƙe, ba tamau ba, daidai yadda katunan za su rataya a iska. Rabin rikicin a nan zai warware da kansa. Zaren da ke miƙe ba ya iya shiga ɗan'uwansa, sai an sake shi ya kwanta yake yawo.

Daga nan kada ki kalli katunan, ki kalli saƙar da kika riga kika yi, ita ce ke riƙe da gaskiyar lamarin. A bakin saƙar, igiyoyin suna jere yadda kika jera su tun farko. Kama igiyar gefe, bi zarurrukanta huɗu da yatsa har ki iske katinsu, ki fiddo shi daga cikin taron ta sama ko ta ƙasa, duk inda hanya ta buɗe, ki matsar da shi kusa da saƙar ki maƙale shi da abin shanya. Sai na biyu, sai na uku. Idan duk sun koma layi, ki duba fuskar kowanne, ko ya kife. Na ƙarshe ki duba juyinsa: ki juya shi gaba ko baya har ya zama babu murɗi tsakaninsa da bakin saƙar, biyu a sama biyu a ƙasa, ƙofar zaren kwance ta buɗe fes. Wani lokaci za ki tarar da kati ɗaya ya yi alkafura ta tsakanin zarurrukansa, duk yadda kika juya shi suna giciye. Shi wannan sai kin mayar da shi ta ƙofar da ya bi ya shiga. Ki gwada gefe ɗaya, in abin ya ƙaru, ki koma ɗayan.

Katuna 20 ba za su ci miki fiye da tsakanin Azahar da La'asar ba, sabon wadari kuwa ga asarar zare ga ɓata wuni. Ni nawa ya faru da akuya ce, ba yaro ba, a tsakar gida, kuma katuna 32 ne. Na zauna na tsince su ina yi ina tsine mata.

Gaba kuma, ko sallama aka yi a ƙofa, kada ki miƙe sai kin kulle katunan. Babban fil mai maƙalli, ko igiyar takalmi ta cikin huda ɗaya, ko ƙyauron roba a zagaye su. Kuma tun farko ki rubuta wa kowane kati lambarsa a fuska ɗaya, daga 1 har ƙarshe. Da kina da lamba, da rabin bayanin nan ban yi shi ba.

TAMBAYA: Anti, sai da na yi nisa na ga ado ya ɓaci a baya, wani jan zare ya yi tsalle inda fari ya kamata ya fito. Ana iya gyarawa? Daga wata mai koyon ɗinki a Gusau.

AMSA: Ana iyawa, kuma daɗin wannan saƙa ke nan, duk abin da aka tufka ana iya warware shi ta hanyar da aka bi. Ki zare zaren kwance na ƙarshe daga ƙofar da ke buɗe. Ki mayar da katunan juyi ɗaya, kishiyar juyin da kika yi na ƙarshe, sai ƙofar da ta gabata ta buɗe, zaren kwancenta ya bayyana, ki zare shi. Haka za ki yi ta yi har ki wuce wurin kuskuren da layi ɗaya. Idan zaren ya maƙale, ki ɗaga shi da gindin allura, ba da tsininta ba. Idan adonki irin wanda wasu katuna ke gaba wasu ke baya ne, to takardar tsarin za ki karanta daga inda kika tsaya zuwa baya, kina juya kowane umarni: inda aka ce gaba ki yi baya. Ki riƙa goge alamar kowane layi da kika warware, in ba haka ba a warwarar ma za ki ɓace.

Tun da kin ce zare ɗaya ne ya yi tsalle, kusan na tabbata kati ɗaya ne ya maƙale bai juya tare da 'yan'uwansa ba, ko kuma ya zarce da juyi. Maganin wannan na fi alfahari da shi a duk abin da nake koyarwa, ga shi kuma ba ya cin ko sisi. Ki jera katunan daidai kafin ki zura zare, ki shafa wa gefunansu huɗu launi daban-daban da alƙalamin launi: ja, baƙi, kore, ɗaya a bar shi fari. Muddin suna tafiya tare, launi ɗaya za ki gani a sama. Da ɗaya ya saɓa, zai fito kamar baƙin wake a cikin shinkafa, tun kafin ki ratsa zaren kwance.

Sai dai bari in faɗa miki ra'ayina. Ba kowane kuskure nake warwarewa ba. In na kama shi cikin layi 10 ko 15, ina komawa. In kuwa ya yi nisa, kuma igiyar jakar 'yar makaranta ce, na bar shi. Zaren da aka yi ta tufka da warwara a kansa yana gajiya, ya yi gashi, ya dushe, har wurin gyaran ya fi kuskuren muni. Amma kayan da aka ba ki kuɗi, ko na lefe, wannan kam ki koma, ko da kamu guda ne. Kuma ki riƙa leƙa bayan saƙar lokaci zuwa lokaci, wani kuskuren a can yake ɓuya.

TAMBAYA: Kati ɗaya ya ƙi juyawa tun juyin farko. Daga Kumasi.

AMSA: Duba hudojinsa. Dole zarurruka huɗun su shiga ta fuska ɗaya su fita ta ɗayar. In uku sun shiga ta dama ɗaya ta hagu, katin ya kulle ke nan. Ki zare mai laifin ki sake zura shi.

TAMBAYA: Zare ya tsinke mini a tsakiyar aiki har sau uku. In ƙulla in ci gaba? Daga wata malamar makaranta a Azare.

AMSA: Malama, kada ki bar ƙulli a inda zai bi ta huda, zai yi ta sarƙewa, in ya shiga saƙar kuma ya yi ƙululu. Yanko sabon zare mai tsawon abin da ya rage da ɗan ƙari. Soke fil a jikin saƙar kusa da bakinta, naɗe bakin sabon zaren a kai, zura shi ta hudar da ta zama fanko, ta fuskar da 'yan'uwansa suka bi, ki kai shi can ƙarshe ki ɗaure da tsauri irin nasu. Bayan kin saƙa kamar tsawon yatsa sai ki cire fil ɗin, ki shigar da bakunan biyu cikin saƙar da allura.

Amma sau uku ba tsautsayi ba ne. Shafa bakin hudar da yatsa, ƙila tana da kaifi, musamman in da tsohon katin banki ko roba kika yi katunan, kika huda da ƙusa mai zafi. A goge da 'yar takardar yashi, a kuma zagaye kusurwoyin. In ba huda ba ce, to zaren ne. Wannan saƙa tana son zare mai santsi, mai ƙarfi, wanda aka murza sosai, irin zaren auduga na kwarashi. Ulun nan mai gashi da ake saƙa rigar sanyin jarirai, shi kam zaren ba kalar yadin ba ne: yana kama ɗan'uwansa, ƙofa ba ta buɗewa, ga shi yana talewa. Mai koyo ta nisance shi. Katin kwali kuma lafiya lau ne da rani, amma da damina yana yin laushi ya lanƙwashe. Ni da katin karta nake yin nawa, in yanke shi ya zama murabba'i. Maigidana ya daɗe yana tsokanata wai a gidansa aka buɗe caca.

TAMBAYA: Faɗin ɗamarata ba ya daidaita, wani wuri ciki wani wuri ƙugu. Daga Damagaram.

AMSA: Hannunki ne ke sauyawa wajen jan zaren kwance. Ki ratsa shi ki bar ɗan kunne a gefe, ki juya katunan, ki buga da ƙoshiya ko bayan wuƙar katako, sannan ki ja kunnen ya shige, ki ratsa na gaba. Ki yanki ɗan kwali daidai faɗin da kike so ki riƙa aunawa. Kuma ki ƙara tsawon wadari, don murɗi yana cin zare. Ni in ina son mita 1, ina auna mita 1 da santimita 20, in ƙara rabin mita na ƙulli da wurin zaman katuna.

TAMBAYA: Hajiya, ni masaƙi ne, na gaji sana'ar, shekarata 40 a kan masaƙa. Jikata ta kawo wannan wasan katin gida, kullum zare a cukurkuɗe. Wannan ma saƙa ce, ko shirmen waya? Daga wani dattijo a ƙasar Zazzau.

AMSA: Baba, barka da aiki, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiyarka ta wani gefen, ba gadonmu ba ce. Ni kaina a waya na fara ganinta, bayan na tashi ina naɗa wa mahaifina kwarkwaro. Amma ta girmi waya nesa ba kusa ba. A ƙasar Nowe, a wani wuri da ake kira Oseberg, an tono wani jirgin ruwa a 1904 wanda aka binne mata biyu a cikinsa tun shekarar 834. Cikin kayan da aka samu har da saƙar kati da ba a gama ba, katunan katako 52 suna nan a jikin zarensu. A Habasha, an yi manyan labulen siliki na coci da wannan dabara, da ɗaruruwan katuna. Ɗaya daga cikinsu, mai tsawon sama da mita 5, sojojin Ingila suka kwaso shi daga Magdala, sansanin sarkin Habasha, a 1868, yana gidan tarihi a Landan. A ƙasar Bama kuwa, can inda kakanninmu suka je yaƙi, har rubutu ake saƙawa a jikin siraran ɗamarun da suke ɗaure littattafan addininsu. Ka ga mai juya ɗaruruwan katuna ba a ce masa ɗan wasa ba.

Game da cukurkuɗewar, ina jin maganin yana hannunka, ba nawa ba. Yaran nan suna koyon juya kati a waya, amma ba wanda ya koya musu wadari, kuma a can rikicin ke farawa. Su yanyanka zare 80 su zube a tabarma, sannan su ce za su zura ɗaya bayan ɗaya. Ka kafa mata turaku biyu kamar yadda ka saba. Ka sa ƙwallayen zaren huɗu kowanne a ƙwaryarsa, don kada su yi birgima su haɗu. Ta zura bakunan huɗu ta cikin dukan katunan a haɗe, huda ɗaya launi ɗaya, ta ɗaure a turke. Sai ta riƙa zagayawa da tarin katunan a hannu, duk tafiya ta saki kati ɗaya a baya. Kafin ta gama, kowane kati yana wurinsa, zare bai taɓa ƙasa ba, tsaurinsa kuma ɗaya. Wannan ya dace da adon da launukansa huɗu iri ɗaya ne a kowane kati, kuma da shi ya kamata ta fara.

Abin da ba zan iya rubutawa a takarda ba shi ne yadda hannu ke jin zare ya yi daidai, bai yi sako-sako ba bai yi tsauri ba. Wannan sai ka kama hannunta ka ɗora a kai. In ta gama ta farko, a sa mata ita a gafakar Baba, a aiko mana da hoto.